Rantsuwar Tashar Filinge

Wannan babin ne na yi ta ɗagawa. Na ba ku labarin ƙauyenmu, na ba ku na aurena da na yunwar da ta koro mutane cikin gari, duk bakina a sake, amma duk lokacin da na iso nan sai in ce wa Zali mai rubuta mini ta ajiye alƙalami, kaina na ciwo. Ba kaina ba ne. Yau na ce mata ta zauna ta rubuta, in na yi kuka ta jira ni in gama, kuma kar ta sa mini maganar ƴan lakwal, masu karatun boko, a baki. Ni ban yi karatu ba, amma a gabana aka yi komai, waɗanda suka fi ni sanin zancen kuma duk sun riga ni tafiya. Abin da ya hana ni ƙara ɗagawa shi ne, ranar sunan jikana, ɗan Sani, na ji wata mata a bayan danga tana cewa, jikan wanda ya kai ubangidansa gaban alƙali ke nan. Ba ƙarya ta yi ba. Babanku ya kai Alhaji Namata gaban alƙali. Sai dai ita abin da ta sani ke nan, ku kuma bai kamata ku tsaya inda ta tsaya ba.

Sai kun san waye Alhaji Namata a wurinmu kafin ku gane sauran. Babanku maraya ne, ya shigo tashar Filinge da riga ɗaya yana dakon kaya, Alhaji ya ɗauke shi karen mota a babbar motarsa mai zuwa Yamai. Shi ya koya masa tuƙi, shi ya kai shi ya samo parmi, takardar izinin tuƙi, shi ya je ƙauyenmu wajen Tabla ya nema masa aurena. Ɗakinmu na farko a cikin gidansa yake, kuma matarsa Hajiya Gambi ce ta karɓi haihuwar Sani da hannunta. Ban taɓa jin babanku ya kira shi da wani suna ba sai Baba. A tsakanin direbobin wancan lokaci akwai al'ada, direba ba ya wuce motar wanda ya koya masa tuƙi a kan hanya, komai saurin da yake yi. Babanku ya riƙe wannan fiye da kowa. Bayan ya sami ƙaramar motarsa mai rufin tampol, wata rana ina ciki muna dawowa daga kasuwar Baleyara muka tarar da motar Alhaji a gaba, ta yi lodin hatsi tana rarrafe. Muka bi ta a baya har fasinja suka fara gunaguni. Wani Bazabarme mai awaki ya leƙo ta taga ya ce:

"Kai direba, yanzun nan jaki ya wuce mu!"

Babanku ya ce, "Jakin ba Baba ya koya mai tuƙi ba."

Haka muka bi shi har gari, mutane na zagi suna dariya.

A zamanin soja aka kafa ƙungiyar direbobi a tasha, wadda muke ce wa sandika. Shekarar fari ce, ana neman motocin da za su kai taimakon abinci arewa wajen Abala, kumandan mai mulkin gari ya kira Alhaji ya ce kai ne shugaba, ka zaɓo mutanen da za ku zauna a biro, wato masu riƙe da ƙungiyar. Ba wanda ya tambayi direbobi, kuma a lokacin ba wanda yake jiran a tambaye shi. Ni a tasha nake sayar da tuwo, ina gani da idona, Alhaji ya yi aiki. Shi ya tsara layi. Aka kafa allo a jikin rumfa, kowace mota da ɗan katakonta mai lambarta a rataye a ƙusa, wadda katakonta ke sama ita ke lodi, in ta tashi a mayar da shi ƙasa. Faɗan fasinja ya ƙare. Matar direban da ya mutu ba ta kwana da yunwa. Amma shekaru suka yi ta tafiya, Alhaji ya tsufa a kujera, mutanen biro suka sayi motoci, ƴaƴansu suka sayi motoci, sai katakon wasu ya koyi hawa sama shi kaɗai. Ranar kasuwar Baleyara, ranar da kowa ke jira a mako, motocin biro ke cika su tafi, su dawo su sake cika, talakan direba yana zaune a inuwa yana cin tuwona da ran a ɓace. In ya yi magana a ce masa dokar sandika ce. Dokar kuwa da faransanci aka rubuta ta, ba wanda ya taɓa jin abin da ke cikinta.

Sai aka yi babban taron ƙasa a Yamai, soja suka sauka, rediyo ta cika da magana, kowa ya gano yana da baki. Akwai wani direba, Tankari, mai kaifin harshe, ya sa wani malamin lakwal ya karanta musu dokar da Hausa a gindin gawon tasha. Nan aka ji cewa duk bayan shekara uku sai a tara direbobi su zaɓi sabon biro. Aka kuma ji cewa shugaba ne kaɗai ke da ikon kiran taron. Waɗannan abu biyu su suka cinye mu. Tankari da mutanensa suka zo gidanmu, lokacin mun tashi daga gidan Alhaji mun gina namu, suka ce wa babanku shi ne zai je ya roƙi Alhaji ya kira taro, tunda shi ɗansa ne, ba zai kore shi ba. Babanku bai so ba. Ya ce su nemi wani. Suka yi ta zuwa har ya yarda.

Ranar da ya je ina cikin gidan wajen Hajiya Gambi muna tankaɗe, zaure kuma ba shi da nisa da inda muke. Na ji ya yi sallama, na ji ya cire takalmi, na ji ya daɗe yana gaisuwa kamar wanda ya dawo daga tafiya. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi, a hankali. Alhaji ya ce:

"Arzika, su suka aiko ka, ko kai ka aiko kanka?"

Sunan babanku ke nan. Ban taɓa faɗinsa da bakina ba yana raye, yanzu ma a bakin wasu nake sa shi.

Ya ce, "Baba, su suka aiko ni. Amma abin da suka ce gaskiya ne. In aka yi taron ni bayanka zan tsaya, kowa ya sani. A dai yi shi."

"In bayana za ka tsaya, mi ya kawo zancen taro? Ga ni, ga bayana, tsaya."

"Baba, layin ya lalace."

"Ni na kafa layin wanga kana wanke mini taya. Tashi ka tahi, rana na yi."

Hajiya ta ajiye rariya ta dube ni, na dube ta. Ta ce mini a hankali, tsohon ba taron yake tsoro ba, kunya yake ji a ce yaronsa ne ya zo ya gaya masa.

Alhaji bai kira taro ba. Direbobi suka kira nasu a gindin gawo bayan sallar Juma'a, ina zaune a bakin tukunyata ina kallo. Ba takarda aka jefa ba, yadda ake zaɓen sarkin noma aka yi, wanda kake so ka je ka tsaya a bayansa. Babanku yana gefe ya harɗe hannu, bai ce yana so ba. Tankari ya kama shi ya jawo shi tsakiya, kafin ya juya mutane sun yi jeri a bayansa har bakin titi. Na ga fuskarsa, ba fuskar wanda ya ci zaɓe ba ce. Sai Tankari ya ce, Alhaji hannunsa a sake yake, mai kyauta ne, yau mun tsaya, gobe zai kira mu ɗaya ɗaya zaurensa ya ba mu shayi mu watse, saboda haka a yi rantsuwa. Aka ɗauko Alƙur'ani daga masallacin tasha. Rantsuwar ita ce, ba wanda zai taka gidan Alhaji Namata har sai an raba gardamar nan. Aka ce shugaba ya fara. Babanku ya yi alwala ya ɗora hannu. Ni ina ganin abin kwana kaɗan ne, shi ma haka ya gani. Da ya dawo gida ya ce mini:

"Tamo, kafin a yanke hatsi an gama. In je in durƙusa in ba shi haƙuri."

Daga ranar tasha ta zama biro biyu, allo ɗaya. Na Alhaji suka ce taron gindin gawo ba taro ba ne, tunda ba shugaba ya kira shi ba. Na babanku suka ce shugaban da wa'adinsa ya ƙare tun tuni ba shugaba ba ne. Safiya ɗaya wannan ya ɗaga katakonsa, wancan ya sauke, aka kai ga sanda, aka fasa wa wani kamasho kai, jandarma suka rufe tasha yini guda. Kumandan na lokacin farar hula ne, ya ce shi ba ruwansa, yanzu zamanin doka ne, ku je gidan shari'a. To ƙara sai da sunan mutum, kuma sunan shugaba ake sawa. Haka aka yi sunan babanku ya hau takarda a sama, na Alhaji a ƙasa. Wannan ita ce ƙarar da matar nan take faɗa a bayan danga.

Alƙali ya saurare su ya ce kafin ya yanke hukunci tsohon biro ya ci gaba da riƙe tasha. Ashe a cikin dokar akwai wani wuri da malamin lakwal bai kai ba, ko ya kai ba a saurara ba, cewa duk ɗan ƙungiyar da ya kai ƙungiya gaban wani a waje an cire shi daga layi. Washegari biro ya zauna. Ina nan a bakin tukunya aka kira kamasho aka ce ya sauke katakon babanku da na waɗanda suka sa hannu tare da shi. Alhaji yana kan kujerarsa a rumfa. Bai hana ba, bai kuma duba ba, ya juya fuska wajen titi har aka gama. Kamashon ya rasa inda zai kai katakon, sai ya kawo mini ya ajiye kusa da murhu ya ce, "Inna, ki kai mai." Na sa shi cikin kwando a ƙarƙashin kwanoni.

Ba a gama kafin yankan hatsi ba. Aka yanke na bana, aka yanke na baɗi. Yau a ce lauyan wancan gefe bai zo ba, gobe a ce an canza alƙali, sabon sai ya karanta daga farko. Da aka yanke wani abu a nan Filinge, wanda bai ji daɗi ba ya ɗaukaka zuwa Yamai. Ana cikin haka soja suka sake karɓar mulki, aka ce kowa ya dakata. Suka tafi, aka sake ɗagawa. Habu da na haifa a shekarar rantsuwa har ya fara zuwa lakwal ana abu ɗaya. Direba kuwa in ba layi ba shi da fasinja. Babanku ya koma bin kasuwannin ƙauye, yana ɗaukar awaki da itace da wanda ya tsaya a bakin hanya, jandarma na tare shi suna cewa lodin bayan tasha haramun ne. Ni ma aka ce in ɗauke tukunyata daga rumfa, na koma ƙofar gida. Ku manyan kun tuna shekarun da miya ba nama, kun tuna Sani ya bar lakwal ya tafi gona. To dalilin ke nan.

Waɗanda suka yi jeri har bakin titi kuwa suka fara zarewa. Malamai sun ce wanda ya karya rantsuwa sai ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai ko ya yi azumi uku. Sai azumi ya yawaita a tasha ba watan Ramadan ba. Ka ga direba leɓe a bushe, a ce masa, "Kai ma ka sha shayin Alhaji?" Kowa ya shiga zaure ya ba da haƙuri aka mayar masa da katakonsa. Na farkon shiga kuwa Tankari ne, wanda ya sa aka ɗauko Alƙur'anin. Bai daɗe ba aka ba shi kujera a biro. Ya gamu da babanku a masallaci ya ce masa:

"Arzika, azumi ukun nan ba wuya, ni ko ƙishirwa ban ji ba."

Babanku ya ce, "Ai kai tun kana rantsuwar ka yi sahur."

Aka bar shi da mutum biyu, tsofaffin direbobi, ɗaya sunansa Gado, mai ƴaƴa da yawa, wanda motarsa ta ruɓe a ƙofar gida saboda rashin layi. Su biyun suka ce inda ya tsaya nan suka tsaya. Ina ganin da su ma sun tafi da ya fi masa sauƙi.

Gidan Alhaji yana kan babban titi, duk motar da ta fito daga tasha ko ta shigo gari sai ta bi ta ƙofarsa. Rantsuwar ba ta hana bin titi ba. Amma babanku ya ce ba zai iya wucewa ta ƙofar Baba yana zaune a zaure ya ɗaga masa hannu kamar baƙo ba, kuma ba zai iya wucewa bai ɗaga ba. Sai ya koma zagayawa ta bayan kasuwar dabbobi, cikin rairayi, da mota da ƙafa, duk tsawon shekarun nan. Ni ban yi rantsuwa ba, ban daina zuwa wajen Hajiya Gambi ba. Duk sallah sai babanku ya ba ni cinyar rago ya ce in kai. Alhaji yana ci, Hajiya ta gaya mini, amma ba ya tambayar daga ina.

A bazarar shekarar ƙarshe ciwo ya kwantar da Alhaji. An kai shi asibiti Yamai an dawo da shi, ƙafafunsa sun kumbura, ba ya tashi. Wata safiya na dafa kunu na tafi gaishe shi, sai na tarar an fito da gadonsa waje, a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, a bakin titi, motoci na wucewa. Na ce a raina zafin ɗaki ne ya kore shi, don zafin shekarar ya yi tsanani. Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame har ban so in dube shi ba. Ya ce:

"Tamo, ɗiyata, yaya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Suna gaishe ka."

"Motar tana tahiya?"

"Tana tahiya, Baba, da daɗi ba daɗi."

Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Ta wace hanya shike bi yanzu?"

Na ce ta bayan kasuwar dabbobi.

Ya ce, "Hanyar nan rairayi gare ta, tana kashe mota. Ki ce mai titi ya fi."

Na dawo na gaya wa babanku duk yadda muka yi, har maganar titi. Ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Baba ke nan, yana kwance yana koya mini tuƙi." Ni kuwa na ajiye abin da ke hannuna na zauna a gabansa, abin da ban saba ba. Na ce masa, Maigida, na ga mutumin nan da idona, ba zai ga damina ba. Ka je. Ka yi azumin nan, ni zan taya ka, in ciyarwa ce hatsin rumbu ya isa. Ya ce in bari ya tambayi malam. Malamin unguwarmu ya ce masa rantsuwar da ta raba mutum da wanda ya rene shi, karya ta ya fi riƙe ta lada, ya je yau. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki har rana ta karkata. Sannan ya ce:

"Ni na fara ɗora hannu, Tamo. Gado saboda ni motarsa ta zama ɗakin kaji. In na shiga zauren nan yau, gobe za a ce shugaban ma ya sha shayi, a kori ƙarar, Gado ya tashi a banza. An sa mana rana a Yamai mako mai zuwa, lauya ya ce wannan karon hukunci ne. Ko mu ci ko mu faɗi, rantsuwa ta sauka. Daga tasha ba zan zo gida ba, can zan wuce."

Na ce, "In bai jira ka ba fa?"

Ya ce, "Zai jira. Baba bai taɓa tashi ya bar ni a hanya ba."

Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi yi masa magana yini biyu. Bai canza ba. Ban ce shi ke da gaskiya ba, ban ce ba shi da ita ba. Abin da ya faɗa ke nan, kuma ina so ku ji shi yadda ya faɗe shi.

Suka tafi Yamai shi da Gado. Abin da ya faru can daga bakin Gado na ji. Alƙalai suka zauna, aka karanta abu mai tsawo da faransanci, lauya ya fito ya fassara musu a gindin bishiya. Wai reshen Filinge ba ƙungiya ba ce mai kanta a idon doka, reshe ne kawai, uwar ƙungiya da ke Yamai ita kaɗai ke da ikon kai ƙara ko a kai ta. Saboda haka ƙarar tun ranar farko ba ta da ƙafa. Ba a ce babanku ya ci ba, ba a ce Alhaji ya ci ba. Gado ya ce wa lauyan, "To duk shekarun nan mi muke zuwa yi?" Lauya ya ɗaga kafaɗa. Babanku kuwa, in ji Gado, ko a jikinsa. Cewa ya yi, "An gama ke nan? An raba?" Aka ce an gama. Ya ce wa Gado ya tashi su kama hanya, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Alhaji ya cika a safiyar ranar, wajen hantsi. Saboda zafi ba a jinkirta ba, bayan azahar aka kai shi. In direba ya rasu a garin nan ba motar da ke lodi sai an rufe shi. Gado ya ce tun daga Baleyara babanku ya lura ba su gamu da motar Filinge ko ɗaya ba. Da suka shigo gari ta bayan kasuwar dabbobi la'asar sakaliya suka tarar tasha ba kowa, motoci a jere, rumfa a rufe. Bai tambayi kowa ba. Ya sauka ya bar motar a buɗe, ya bi titi da ƙafa.

Ina cikin gidan tare da mata sai aka ce ga shi nan. Ya ratsa zaure cike da mutane, har da Tankari da ƴan biro. Ya shigo har ƙofar ɗakin Hajiya Gambi ya durƙusa, ya kasa yin gaisuwar. Ita ce ta fara magana. Ba da faɗa ba, da ma faɗa ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce:

"Arzika, ka zo?"

"Na zo, Inna."

"Ka ga inda ya kwanta a waje?"

Ya ce an gaya masa zafi ya fito da shi.

Ta ce, "Wane zafi? Mutumin da sanyi yake ji ana rufa mai bargo? Tun da aka dawo da shi daga Yamai ya ce, yaron nan ya rantse ba shi taka gidana, kuma na san shi, ba shi karyawa. Ku fitar da ni daga gidan. Na ce to in aika a kira ka. Ya ce a'a, ni ne shugaba, shi ya kai ni ƙara, in na aika ƴan biro za su ce na miƙa wuya, nasa mutanen su ce an saye shi. Amma titi na kowa ne. Direba ne, zai wuce. Kullum da safe sai a fito da shi, sai magariba a mayar. Duk motar da ta taso daga tasha sai ya ɗaga kai."

Ni da na kai masa kunu, na kuma ɗauko maganar titi na kai gida da bakina, sai a lokacin na ji abin da aka ba ni in kai. Babanku ya juyo ya dube ni, na dube shi. Ba wanda ya zargi wani, a ranar ko bayanta.

Ya tashi ya fita, na bi shi har bakin zaure. An riga an shigar da gadon, amma a gindin dogon yaron sawun ƙafafunsa huɗu na nan a cikin ƙasa, sun nutse saboda daɗewa. Mutane suna ta matsa masa wuri a kan tabarma a zaure, bai kula ba. Ya cire takalmi a bakin titi kamar mai shiga ɗaki, ya taka ya je ya durƙusa a gefen sawun, wajen da kai yake. Na ji shi da kunnena ya yi sallama, ya jira kamar za a amsa, sannan ya ce:

"Baba, an gama. Ga ni."